Yadda Ake Kai Ziyarar Gani da Ido Haikalan Kal Bhairav a Banaras da Ujjain

A babban ofishin 'yan sandan tsohon garin Banaras da ke Indiya, wanda ake kira Kotwali, kujerar shugaba ba mutum ne ke zama a kanta ba. Hoton Kal Bhairav, wani abin bautar mabiya addinin Hindu, aka ɗora, jami'in da ke riƙe da ofishin kuma ya ja tasa kujerar gefe. Mutanen garin suna kiran Bhairav da Kotwal na Kashi, kamar a ce sarkin dogaran birnin, kuma a al'adarsu duk babban ma'aikacin da aka turo garin yakan fara zuwa haikalinsa ya kai gaisuwa kafin ya kama aiki. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin abin da zai gani: masu zuwa wurin suna zuwa ne kamar masu neman izini da kariya wajen hukuma, shi ya sa akwai gaggawa, akwai turereniya, akwai kuma abubuwan da za a yi ta miƙo wa baƙo ba tare da an tambaye shi ba.

Wannan bayani na ɗalibi ne da ke karatu a Indiya, da mai rakiyar majinyaci da ya sami 'yan kwanaki, da ɗan jarida ko mai nazarin addinai. Ko ya dace ka shiga ciki ko ka tsaya daga waje, wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka tun kana gida. Abin da ke nan shi ne tsarin wurin, da inda kallo ya ƙare bauta ta fara, domin kada a ɗaura maka zare a hannu kana tsaye kana zare ido.

Mataki na farko: san wanda ake zuwa wurinsa

A aƙidar Hindu, Bhairav siffar fushi ce ta Shiva, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu. Labarin da suke bayarwa shi ne Brahma, wani abin bautarsu mai kawuna biyar, ya yi girman kai, sai Shiva ya fito da Bhairav ya datse masa kai na biyar da farce. Ƙoƙon kan ya manne a tafin hannunsa saboda girman laifin, ya yi ta yawon bara da shi har ya iso Kashi, tsohon sunan Banaras, a nan ƙoƙon ya faɗi. Wurin da suke cewa ya faɗi sunansa Kapal Mochan. Daga nan aka ba shi tsaron garin.

Da alamominsa ake gane shi ko ba ka iya karanta rubutun Hindi ba: mashi mai baki uku, 'yar ganga mai siffar kalangu da ake kira damaru, ƙoƙon kai a hannu, idanu a waje, da kare a gefensa ko a ƙarƙashinsa, domin kare ne abin hawansa. Suna lissafa masa manyan siffofi 8: Asitanga, Ruru, Chanda, Krodha, Unmatta, Kapala, Bhishana da Samhara, kowace kuma tana da rassa 8, jimla 64. Ba sai ka haddace ba. Amfanin sanin shi ne kada direba ya kai ka wani haikalin Bhairav daban ya ce an iso, domin a Banaras kaɗai suna da yawa. A bakin mutanen titi ba za ka cika jin "Bhairav" ba, "Bairo Baba" ko "Baironat" suke cewa. Ka ce wa direba "Kal Bairo Mandir". Mandir shi ne haikali.

Mataki na biyu: zaɓen rana

Wata ne ke tafiyar da kalandarsu, saboda haka mai bin watan Musulunci ya huta. Ranar Bhairav ta kowane wata, Kalashtami, ita ce ta takwas bayan cikar wata, wato wajen 22 ko 23 ga watan Musulunci. Babbar cikinsu, wadda suke ɗauka ranar bayyanarsa, tana faɗowa tsakanin Nuwamba da Disamba. A mako kuma Lahadi da Talata ne ranakun cika. Mai son ganin gini da yadda ake hidima a natse ya je Laraba ko Alhamis da sassafe. Mai son ganin taro ya je Lahadi, amma ya san zai iya shafe awanni a layi cikin lungun da ba ya ɗaukar mutum uku a jere.

Daga Oktoba zuwa Maris ne lokacin tafiya. Afrilu zuwa Yuni zafin Banaras kan haura digiri 40, kuma da ƙafa ba takalmi za ka taka dutse. Yuli zuwa Satumba damina ce, kogin Ganga kan cika ya shanye matakalan bakinsa, kuma a tsakanin Yuli da Agusta watansu na Shravan yake, lokacin da masu ziyarar Shiva ke cika Banaras da Ujjain maƙil. Ƙarshen Disamba da Janairu kuma hazo ne mai kauri a arewacin Indiya, jirgin ƙasa ya makara awanni, na sama a soke. In a wannan lokacin za ka je, kada ka sa ranar dawowarka Delhi ta zama ranar tashin jirginka na gida. A guji makon Mahashivratri, babban bikin Shiva, wajen Fabrairu ko Maris. Ujjain kuma tana da babban taron Simhastha duk shekara 12: an yi a 2004 da 2016, na gaba 2028, kuma lokacin masauki kan gagari ɗan gari ma.

Mataki na uku: takardu, kuɗi da jaka

Mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru sai da katin allurar shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Fasfo na asali ya kasance tare da kai a tafiyar, saboda doka ta ɗora wa kowane masauki cike wata takarda da aka fi sani da Fom C a kan duk baƙon ƙasar waje. Nan ne ake yawan samun matsala: ka kama ɗaki mai araha ta intanet, ka iso cikin dare, mai gida ya ce ba ya karɓar 'yan waje domin ba shi da rajistar cike fom ɗin. Kafin ka biya, aika saƙo ka tambaya ko suna karɓar mai fasfon ƙasar waje, ka ajiye amsar.

Kusan kowane mai tebur a Indiya da waya ake biyansa, amma tsarin yana son asusun bankin ƙasar. In ba ka da shi, riƙe ƙananan takardun rupi na 10, 20, 50 da 100. Ka raba su aljihu biyu. Fito da takardar 500 a bakin haikali kiran jama'a ne.

Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: kilishi da dambun nama. Banaras tana jihar Uttar Pradesh, Ujjain tana Madhya Pradesh, dukansu suna da dokoki masu tsanani a kan naman saniya, kuma kafin a kai ga bayani a gaban hukuma, taron titi ya riga ya yanke hukunci. Kada guzurin nama ya bi ka wannan tafiya ko kaɗan.

Tikitin jirgin ƙasa ana fara sayar da shi kwana 60 kafin tafiya. Nemi aji 2A ko 3A, masu gado da na'urar sanyaya ɗaki. In ka ga WL a jikin tikiti, sunanka yana jerin masu jira ne, ba ka da gado tukuna. Daga Delhi jirgin Vande Bharat yana kai wa Banaras cikin kimanin awa 8.

Mataki na huɗu: gwaji a Delhi

Tunda galibi ta Delhi ake shiga, yana da kyau a fara da ƙaramin haikali kafin babba. Akwai na Kilkari Bhairav a jikin ganuwar Purana Qila ta baya, kusa da Pragati Maidan, ana sauka a tashar jirgin cikin gari ta Supreme Court. Akwai kuma na Batuk Bhairav a lambun Nehru da ke Chanakyapuri, unguwar ofisoshin jakadanci. Rabin awa a bakin ɗaya daga cikinsu ta isa ka ga yadda ake cire takalmi, yadda ake riƙe kayan sadaukarwa, da yadda masu tebur ke tare baƙo.

Mataki na biyar: Banaras

Filin jirgin sama na Lal Bahadur Shastri yana Babatpur, kimanin kilomita 25 daga gari. A tikiti da allon tasha sunan garin Varanasi ne. Lura da tashar da jirginka zai tsaya: Varanasi Junction tana cikin gari, amma jirage da yawa a tashar Deen Dayal Upadhyaya suke tsayawa, wadda aka fi sani da tsohon sunanta Mughalsarai, a ƙetaren kogi, tafiyar da kan ci kusan awa in hanya ta cushe.

Haikalin yana unguwar Visheshwarganj. Hau adaidaita mai batir zuwa mahaɗar Maidagin, ku yi ciniki kafin ka hau, daga nan sauran da ƙafa ne, kamar minti 10 cikin lunguna. Ana buɗewa da asuba, a rufe bayan azahar na 'yan awanni, a sake buɗewa da la'asar har dare. Wanda ya iso ƙarfe 2 na rana ƙofa zai tarar a rufe.

Tun kafin ka hango ƙofar masu tebur za su fara kira: ajiye takalminka nan kyauta. Ba kyauta ba ne. In ka dawo za a ce sai ka sayi kwandon fure da man mustad da baƙin zare. Mafita biyu ce. Ko ka ce tun farko ajiya kawai kake so, nawa ne, ku daidaita a kan rupi 10 ko 20, ko ka zo da jakar yadi ka bar takalmin wajen abokin tafiya da zai tsaya a waje. Shiga da takalmi a hannu ko a jaka ba ya yiwuwa, kuma ɗamarar fata gara a bar ta a masauki. Safa za ta jiƙe da mai da ruwa, cire ta.

Ciki ƙaramin tsakar gida ne, ɗakin bautar a tsakiya, rumfa ta zagaye shi. Abin da ake gani ta ƙofar ɗakin fuska ce ta azurfa, an lulluɓe sauran da yadi da furanni har ba a ganin komai, kare kuma a gefe. Layi ba ya tsayawa, daƙiƙa biyu ko uku kowa ke samu a gaban ƙofar kafin a ce ya matsa. Wannan haɗa ido da siffar shi suke kira darshan, kuma shi ne ainihin ibadar a wurinsu. Saboda haka mai kallo ba shi da dalilin shiga wannan layin. Daga gefen tsakar gidan ana ganin tsarin duka.

Ga abubuwan da za a miƙo maka, bi da bi, da ma'anar kowanne. A rumfar akwai masu hidima zaune da tsintsiyar gashin ɗawisu. Suna bugun mutum da ita a kai da kafaɗa suna karanto wasu kalmomi. A aƙidarsu wanda ya mutu a Kashi ba ya shiga hannun Yama, mai hukunta matattu, Bhairav ne ke tara masa azabarsa ya yi masa a ɗan lokaci kaɗan, bugun nan kuma alama ce ta karɓar horo da kore sharri da kambun baka. Bayan bugun sai baƙin zare a wuyan hannu, wanda suke ɗauka kariya ce, matsayinsa a wurinsu kamar laya. Sai toka ko baƙin shuni na fitila a goshi. Sai prasad, wato alewa ko wani abin ci da aka riga aka gabatar wa abin bautar. Sai faranti mai wuta da ake zagayawa da shi, mutane na shafa zafin a fuska suna jefa kuɗi. Kowanne ibada ne, kuma kowanne kuɗi ke biyo bayansa.

Ƙin karɓa ba laifi ba ne, yadda aka ƙi ne ke jawo magana. Ka ƙi kafin abin ya taɓa ka. Ɗora hannun dama a ƙirji, ɗan ja baya, ka ce "nahi cahiye, danyabad", wato ba na buƙata, na gode. In an matsa ka ƙara da "sirf dekna hai", kallo kawai na zo. Hannuwanka su kasance a jikinka, domin wanda ya bar hannu yana lilo zai ji an kama an fara ɗauri. Kuskuren da ya fi muni shi ne karɓar prasad saboda kunya sannan a jefar a ƙasa ko a kwandon shara a idon mutane, ko tsinke zare a bakin ƙofa. In ya riga ya shigo hannunka, miƙa wa wani mai ziyara da hannun dama, zai karɓa da murna.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. Ana zagaya ɗakin ta yadda zai kasance a damanka, kada ka yi gaba da jama'a. Ba a taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi. In ka zauna kada tafin ƙafarka ya fuskanci ɗakin bautar. Ƙararrawar da ke rataye a mashiga masu bauta ne ke kaɗawa, ba dole ba ce. Hoto a cikin tsakar gida sai an tambaya, na fuskar azurfar kuma a bar shi. Mace ta sa sutura mai rufe kafaɗa da ƙafa, mayafi ba ya jawo tambaya domin matan garin ma suna rufe kai.

Batun kamanni kuwa gara a faɗe shi a fili. Baƙar fata a lungun Banaras zai sha kallo da roƙon hoto, yawanci son sani ne kawai. Amma garin yana da tsohuwar taƙaddama a kan masallacin Gyanvapi da ke manne da haikalin Kashi Vishwanath, maganar tana kotu, kuma 'yan sanda sun cika yankin. Mai kaftani da hula ya tsaya wajen ɗan sandan ƙofa ko babban mai hidima ya ce shi baƙo ne daga ƙasa kaza, ya halatta ya shiga ya duba? In an ce a'a, shi ke nan. Kada ka canja suna, kada ka yi musu a kan addini, kuma kada ka yi salla a harabar haikali ko da lokaci zai fita: a 2020 an shigar da ƙara a kan wasu da suka yi haka a wani haikali a gundumar Mathura. Masallatai ba su yi wuya ba. Masallacin Alamgir yana saman matakalan Panchganga, ana zuwa da ƙafa daga nan, unguwar Madanpura kuma ta masaƙa Musulmi ce masu saƙa sarin alharinin Banaras, can ake samun abincin halal.

Karnuka suna ko'ina a kewayen, ana ba su madara da biskit saboda darajar mai hawansu. Kada ka kore su da dutse ko ƙafa. Ka dai tattare rigarka ka wuce. In kare ko biri ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka nemi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare. Cutar tana da yawa a Indiya, kuma in alamunta suka bayyana babu magani.

Wanda ke da ƙarin rabin yini ya je Lat Bhairav, a gefen arewa maso gabashin gari, kusa da tafkin Kapal Mochan. A ganina ya fi babban haikalin abin nazari. Guntun tsohon ginshiƙin dutse ne da aka rufe da tagulla, yana tsaye a tsakiyar wani dandamali da Musulmin unguwar ke sallar idi a kansa. A 1809 an yi mummunan rikici tsakanin ɓangarorin biyu har aka karya ginshiƙin, abin da ya rage shi ake gani yau. Har yanzu kowa na amfani da filin a lokacinsa. A nan ma tambaya kafin hoto.

Mataki na shida: Ujjain

Akwai jirgin ƙasa kai tsaye daga Banaras, ana kwana a hanya. Mai sauri ya hau jirgin sama zuwa Indore, daga can kimanin kilomita 55 ne a mota. Babban abin da ke kawo mutane Ujjain shi ne haikalin Mahakaleshwar na Shiva, kuma Bhairav a nan ana ɗaukarsa sarkin yaƙin garin, shi ya sa masu ziyara ke haɗa biyun a rana ɗaya. Sakamakon haka layin Bhairav yakan yi tsawo daga hantsi, bayan an fito daga Mahakaleshwar. Je da sassafe.

Haikalin yana Bhairavgarh, a bakin kogin Shipra, 'yan kilomitoci a arewacin tsakiyar gari. Yi ciniki da mai adaidaita na zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya, ka biya a ƙarshe. Wurin ya fi na Banaras fili. A harabar akwai doguwar hasumiyar fitilu ta dutse, irin ginin Maratha, daular da ta taɓa mulkin yankin, wadda ake kunna wa wuta da yamma in wani ya biya kuɗin mai. An tono siffofin dutse na zamanin sarakunan Paramara a wurin, tsakanin ƙarni na 9 da na 13, amma ginin da ke tsaye yau na zamanin Maratha ne. Siffar kanta dutse ne mai fuska, an shafe shi da jan gari, a kansa rawani irin na Maratha. Abin da ake faɗa shi ne bayan an ci Maratha da yaƙi a Panipat a 1761, jarumin nan Mahadji Shinde ya ajiye rawaninsa a gaban Bhairav yana neman nasara, da ya farfaɗo da mulkinsu sai ya gyara haikalin, gidan sarautarsu na Gwalior kuma ya ci gaba da aiko da rawanin.

Abin da ya fitar da sunan wurin shi ne giya. Tana cikin abubuwa biyar da tsohuwar ɗariƙarsu ta Tantra ke gabatarwa, kuma ita ce ta rage a fili a nan. Mai ziyara yakan miƙa kwalba, mai hidima ya zuba a ɗan faranti marar zurfi, ya kai bakin siffar inda akwai 'yar tsaga, ya karkata, giyar ta ɓace. Masu bauta suna cewa sha yake yi. Masu shakka suna cewa dutsen ne ke tsotsewa ko akwai rami a ƙasa. Abin da ya shafi baƙo shi ne ragowar kwalbar ana mayar wa mai ita a matsayin prasad, wasu kuma sukan ɗiga wa na kusa da su a tafin hannu don alheri. Ga wanda ba ya son ta taɓa jikinsa ko tufafinsa, nesa da bakin ɗakin ita ce dabara, kuma warin kaɗai ya isa ya gaya maka ka matso da yawa.

A da ana sayar da giyar a kantuna a ƙofar haikalin. Daga 1 ga Afrilu 2025 gwamnatin Madhya Pradesh ta rufe shagunan giya a garuruwan ibada 19, har da Ujjain, masu ziyara suka koma zuwa da tasu daga wajen gari. Saboda haka in wani ya raɗa maka cewa yana da kwalba a ɓoye, ko ya roƙe ka ka riƙe masa jaka ka shigar, ka wuce abinka. Baƙon ƙasar waje da aka kama da kayan sayarwar ɓoye, bizarsa ce a kan layi.

A harabar akwai wani ɗan kogo da ake kira Patal Bhairavi, mashigarsa ƙunci, sai an durƙusa. Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan ya bar shi. In an fito, unguwar Bhairavgarh ta shahara da rinin yadi da kakin zuma, ana buga zane da kakin a tsoma a baba. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai so tsayawa a nan fiye da yadda ya tsara.

A Ujjain 'yan kan hanya masu cewa za su shigar da kai ba layi sun fi na Banaras naci. Duk kuɗin da hukumar haikali ke karɓa a kanta ake biya, a ba da rasit. Wanda ya ce ka ba shi a hannu, nasa ne.

Ga mai son ƙarawa

A Jammu, masu hawa dutsen haikalin Vaishno Devi daga garin Katra, tafiyar kimanin kilomita 13, suna ɗaukar ziyararsu ba ta cika ba sai sun ƙarasa haikalin Bhairon, wato Bhairav, da ke sama da babban wurin. Tun ƙarshen 2018 akwai keken igiya da ke kai mutane wannan zangon na ƙarshe. A kudu akwai na Kalabhairaveshwara a Adichunchanagiri cikin jihar Karnataka, a Tamil Nadu kuma za ka ga ana kunna masa fitila a cikin ɓarin kabewa ko kwakwa, kuma a haikalan Shiva da yawa a can a gabansa ake ajiye makullai in an rufe da dare.

Wanda ba ya son shiga ko'ina amma yana son ganin siffar da kyau, Kathmandu, babban birnin Nepal, ce tasa. A dandalin tsohuwar fadar Hanuman Dhoka akwai Kal Bhairav na dutse mai tsayin kusan ƙafa 12, a sarari yake ba rufi, baƙi mai hannaye shida, yana taka wani a ƙasa. Sarki Pratap Malla ne ya kafa shi a nan a ƙarni na 17, kuma an daɗe ana kawo mutane su yi rantsuwa a gabansa saboda imanin cewa mai ƙarya ba zai kwana ba. Tikitin shiga dandalin kawai za ka saya. Sai dai 'yan Najeriya, Gana da Kamaru suna cikin waɗanda Nepal ba ta ba wa biza a filin jirgi, dole a nema a ofishin jakadancinta tun kafin tafiya, akwai shi a Delhi. Ka kuma duba bizarka ta Indiya: in ta shiga sau ɗaya ce, ranar da ka ƙetara Nepal ta mutu, ba za ka iya komawa Delhi ka kama jirginka ba.